Tsuntsayen da Kawu Ya Ɗauko da Waya

Ƙanena ba ya jiran ƙarshen magana. Tun yana yaro haka yake, kafin ka kai rabin zance ya riga ya bugi ƙirji ya ce, "Bar mini." Da wannan kalmar ya kashe rediyon mahaifinmu, da ita ya taɓa gyara makullin ɗakinmu har sai da aka fito da mu ta taga. Yau a unguwarmu in ka tambayi mai gyaran fanka wani zai tsaya tunani, amma ka ce Bar-mini, kowa zai nuna maka shagonsa a ƙasan benenmu, tsakanin mai aski da mai kemis. 'Ya'yana kuwa Kawu suke ce masa, kuma suna sonsa, abin da har yanzu ban gane dalilinsa ba.

Ni tela ce, a hawa na biyu nake, keken ɗinkina a tsakiyar falo. Autata tana sakandare, kuma ita kishiyar halin kawunta ce, sai ka wuni da ita ba ka ji muryarta ba. Malamanta sun sha aiko mini cewa ko abin da ta sani aka tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai. A gida aikinta ɗaya ne, ta ja kujera bakin taga ta zuba wa waje ido. Ni dai lalaci na ɗauke shi.

Sai ga malamar kimiyya ta zo da sabon abu. Masu bincike daga jami'a suna so ɗalibai su taya su lura da tsuntsayen cikin gari, kowace unguwa da mai kula da ita. A ranar taro kowa zai nuna abin da ya samo, su kuma su zaɓi ɗalibin da zai riƙa bin su aiki lokacin hutu. Malama ta ɗora wa Auta unguwarmu. Ranar yarinyar nan ta shigo gida fuskarta kamar an kunna fitila. Ban taɓa ganin ta so wani abu haka ba, har na ji tsoron kada ta rasa shi.

Matsala biyu ce a gabanta. Na hana ta hawa saman bene saboda babu katanga a gefensa. Wayarta kuma tana shagon kawunta tun ranar da gilashin kyamarar ya tsage ya fizge ta ya ce a bar masa.

Ina shagon na kai dutsen guga lokacin da ta tattaro ƙarfin hali ta yi masa magana.

"Kawu, don Allah wayata. Malama ta ce mu ɗauko tsuntsayen unguwarmu da waya, mu kai ranar taro a nuna wa mutanen jami'a."

"Da waya?"

"Eh, kowane iri muka gani, sai a..."

"Bar mini."

"Kawu, ai ba ka gama..."

"Na ce bar mini. Waya ai sana'ata ce. Ke kin san waye kawunki kuwa? Lokacin da nake saurayi, shirwa in ta hango ni sai ta canza hanya. Je ki yi karatunki. Ranar taro ni da kaina zan kawo miki su har gaban mutanen jami'ar, a fili, ko gashin wuyansu suke so su duba su duba."

Auta ta yi murna, ta ɗauka zai hau bene da tasa salular ya ɗauko mata hotuna. Ni ma haka na ɗauka. Shi kuwa, ashe idonsa yana kan ƙullin wayar ƙarfe da ke rataye a ƙusa. Ita tana maganar ɗaukar hoto, shi yana lissafin ɗaukar tsuntsu da ƙafafunsa.

Washegari mai aski ya zo karɓar fankarsa, ya tarar da ita tsirara, an cire ragar ƙarfen da ke rufe fukafukanta.

"Bar-mini, ina ragar fankata?"

"Tana hidimar ƙasa."

"Hidimar me? Ni ƙara na ce tana yi, ban ce ka tuɓe ta ba."

"Ai ragar ce ke riƙe iskar. Gwada ta haka ka ji."

Mai aski ya gwada. Kafin azahar fankar ta cinye tawul ɗinsa, ta watsa gashin wani dattijo cikin kofin shayin mai jiran layi. Shi kuwa ƙanena ya riga ya tuɓe duk fankokin da mutane suka kawo gyara, yana haɗa ragogin biyu biyu yana ɗaure su da waya, kowane ya zama keji mai kama da ƙwallo.

Na tare shi a matakala da kejin a kafaɗa.

"Kai, me ya haɗa hoto da wannan tarkacen?"

"Yaya, wannan kimiyya ce, ba ɗinki ba. Sai an jawo su kusa tukuna. Kuma kada ki gaya wa Auta, so nake ta gani da idonta."

Jawo su kusa bai yi mini kama da hauka ba, sai na koma kan kekena.

A saman bene ya kafa tarko. Ya ɗaga bakin keji da sanda, ya ɗaura wa sandar igiya, ya barbaɗa ɓurɓushin burodi, ya ɓuya bayan kwandon wanki yana rufe da buhu. Abin da ya fara kamawa kyanwar maƙwabta ce, ita kuma ta sa masa hannu a kumatu kafin ta tafi. Da mai kemis yake shafa masa magani ya tambaye shi abin da ya faru, sai ya ce shaho ne ya kawo masa hari, kuma shahon ya fi shi jin jiki.

Daga nan ya gamu da hankaka. Wani hankaka ne mai ɗingishi, ya sauko ya cinye burodin da ke wajen keji, ya zagaya, ya dubi sandar, ya dubi igiyar, ya bi ta da kallo har zuwa buhun. Sai ya taka a hankali ya ɗauki sukudireban ƙanena ya tashi da shi. Bar-mini ya zabura da buhu a ka, ya yi karo da igiyar shanya, ya naɗe kansa cikin yadin da na wanke na wata mai ɗinki. Daga ƙasa Baba maigadi ya hango wani abu mai furanni yana tsalle a saman bene, ya ɗauko sandarsa ya hau da gudu.

"Waye nan?"

"Ni ne, Baba, kada ka buga."

"Kai ne wa? Fito in ga fuska."

"In na iya fitowa ai da na fito."

Baba maigadi ya kwance shi, ya dubi tarkon, ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada a kusanci tattabarunsa. Dattijon yana kiwonsu ne a wani akwati bayan ɗakin gadi, kuma ya fi tausayinsu a kan 'yan haya. Ƙanena ya ce shi manyan tsuntsaye yake harka da su, tattabara ba ta kai ya ɓata mata lokaci ba.

A cikin tsuntsaye kuwa, su ya fara kamawa. Ba ma kama su ya yi ba, sun saba da mutane, suna ganin burodi suka shiga kejin da ƙafafunsu. Da yamma Baba maigadi ya yi ta zagaya bene yana fito yana kiransu.

"Bar-mini, ba ka ga tattabaruna ba?"

"Baba, shirwa ta yi yawa a garin nan. Amma bar mini, ina bincike a kanta."

Daga nan abin ya zama masa ciwo. Hankaka ya dawo neman makullan shago da ya ga suna ƙyalli, ƙanena ya kife shi da keji, ya yi ta zagaye bene yana shelar nasara ba tare da ya faɗi a kan wa ba. A ƙarƙashin matakala ya ciro wani baƙin abu mai rataye da ƙafa, ya ce irinsa ko mutanen jami'ar ba su taɓa gani ba. Ya je wurin mai kemis ya ce ƙofar kejin akunsa ta yi sako-sako, ya ɗauke akun da sunan gyara. A ƙarshe ya leƙa bayan tankin ruwan da ke saman bene ya ga wata kurciya a kwance, ko motsi ba ta yi ba har ya sa hannu ya ɗauke ta. Wannan ya fi ba shi daɗi, ya ce ganin idonsa kawai ta yi ta miƙa wuya.

Duk ya zuba su a lungun shago ya ja labule, ya ƙure rediyo don kada a ji kukansu. Mai aski ya ce wari yake ji, ƙanena ya ce sabon man fanka ne.

Da safiyar taro Auta ta tsaya a ƙofar shagon cikin kayan makaranta.

"Kawu, in gani ko ɗaya mana, in san abin da zan ce."

"Su za su yi magana da kansu. Ke dai ki tsaya kusa da ni."

Bai tsaya nan ba, sai da ya gayyaci mai aski da mai kemis da Baba maigadi, ya ce su zo su ga yadda ake girmama mutum a gaban masana. Suka rufe wuraren aikinsu suka bi mu, ina jin don su ga abin da zai sa a girmama shi.

Ɗakin taron ya cika da ɗalibai da iyaye. A gaba shugaban makaranta ne da Malama da wata Dakta daga jami'a, mace mai sanyin murya. Ta tashi ta gode wa yara, ta ce dokar aikinsu ɗaya ce tak: ba a taɓa tsuntsu, ba a kama shi, ba a firgita shi. Ido da waya kawai. Na waiga ina neman ƙanena, ban gan shi ba. Ɗalibai suka riƙa fitowa ana haska hotunansu da majigi a farin allo, ga gwara a kan fitilar titi, ga tsattsewa a ƙarƙashin gada, ana tafi. Aka kira Auta, aka miƙa mata makirufo. Ta tsaya tana kallon ƙofa.

Ƙofar ta buɗe da ƙara. Bar-mini ya shigo cikin kwat ɗin da ya yi masa yawa, yana tura baro, an lulluɓe shi da labulen falona. Ya bi tsakiyar mutane yana ɗaga musu hannu, tayar baron tana kuka, har gaban teburin manya.

"Ranki ya daɗe, waɗannan yaran inuwa suka kawo miki. Mu a gidanmu ba ma wasa da aiki. An ce a ɗauko da waya, ga su nan an ɗauko da waya."

Ya fizge labulen.

Sai ga keji kan keji cike da tsuntsaye. Auta ta dubi kejin, ta dubi kawunta, ta dube ni. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don a lokacin ne maganar shago ta dawo mini, kalma bayan kalma.

Dakta ta ce, "Malam, hoto ake nufi. Wayar hannu."

"Hoto ai ƙarya yake yi, ranki ya daɗe. Bari ki ga wannan baƙin, ba ki taɓa ganin irinsa ba."

Ya kama bakin waya ya warware. Ashe don sauri da waya guda ya ɗinke kejin gaba ɗaya. Yana ja, duk suka buɗe baki a tare.

Tattabaru suka tashi suka cika ɗakin da fiffika. Hankaka ya sauka a teburin manya, ya yi ɗingishinsa har gaban shugaban makaranta, ya zare masa tabarau daga aljihu ya hau saman labule da shi. Baƙin abin nan ya je ya rataye a gaban majigi, inuwarsa ta cika allon, 'yan ƙananan aji suka kwasa da ihu zuwa bayan iyayensu. Shugaban makaranta ya ce a kashe fankokin sama kada su sare tsuntsayen.

"Fanka ai sana'ata ce," in ji ƙanena. "Bar mini."

Ya ruga bango ya murɗa abin da hannunsa ya fara kaiwa. Fankokin suka ƙara gudu, takardun jawabin shugaba suka bi tattabaru sama. Ya danna na gaba, fitilu suka mutu. Sai da Malama ta ture shi ta kashe da kanta.

Baba maigadi ya miƙe a hankali daga kujerarsa ya yi fito. Tattabarun suka sauko ɗaya bayan ɗaya suka jeru a kafaɗunsa da kansa.

"Bar-mini, wannan ce shirwar?"

Mai aski ya ɗaga keji ɗaya yana juya shi. "Ga ragar fankata. Ga ma inda na ɗaure ta da zare."

Kafin mai kemis ya buɗe baki, akunsa ya riga shi. Ya sauka a bayan kujerar Dakta, ya gyara tsayuwa, ya kumbura ƙirji, ya ce da muryar ƙanena sak, "Bar mini. Bar mini."

Ɗakin ya fashe da dariya, har shugaban makaranta yana dafe da tebur. Ni ban yi dariya ba, don ina kallon Malama ta matso kusa da Auta tana ce mata a hankali ta yi haƙuri, an karya doka, dole a cire unguwarmu. Na ga idon yarinyata ya ciko. Na san halinta, yanzu za ta sunkuyar da kai, kuma ba za ta sake ɗaga shi ba har ta gama makarantar.

Amma ba ƙasa ta kalla ba. Kejin ƙarshe ta kalla, inda kurciyar nan ta takure a gefe ba ta tashi ba. Ta manta makirufo yana hannunta.

"Kawu, a ina ka ɗauko wannan?"

"Bayan tanki. Ko gardama ba ta..."

"Ƙwai take kwance a kai." Muryarta ta fito ta lasifika har bangon baya. "Shi ya sa ba ta gudu ba. Ita da mijinta suke karɓa-karɓa, yanzu shi kaɗai ka bari, tun jiya yake kuka a kan eriya ban san dalili ba. Kuma wannan hankakan ba ya cin abin tarko, ƙafarsa ta taɓa shiga ɗaya, shi ya sa yake ɗingishi, abu mai ƙyalli yake bi. Duk abin da ya sata yana cikin magudanar ruwan rufin mai kemis. Tattabarun nan na Baba ne, ba na gari ba ne, na gari ba sa sauka in mutum yana tsaye. Aku kuma a keji yake zaune, ba tsuntsun titi ba ne. Wancan da kake cewa ba a taɓa gani ba, jemage ne, Kawu. Ba ma tsuntsu ba ne, nono yake ba 'ya'yansa."

Ƙanena ya buɗe baki. Ta ce, "Ban gama ba." Ya rufe.

Ta ci gaba, ta faɗa masa tsuntsayen da ya kora da buhunsa: gwarar da ke wanka a ƙarƙashin famfon da ke ɗiga, da tsattsewar da ke shigowa kafin ruwan sama, da shirwar gaske da ke zagaya bayan mahauta in an fara wanke tebura. Sai da numfashinta ya ƙare ta lura ɗakin ya yi shiru, kowa ita yake kallo. Ta dubi makirufon kamar yanzu aka sa mata shi a hannu.

Dakta ta ce, "'Yata, a ina kika ga duk wannan?"

"Ta taga."

Dakta ta juya ga Malama. "Unguwar a cire ta, doka ce. Yarinyar kuma a ba ni ita."

Aka fara tafi, amma Auta ba ta tsaya karɓa ba. Ta rufe kejin kurciyar ta rungume shi ta ce mini, "Mama, saman bene." Na ce mu je. Ranar ni na riƙe mata gefen riga har bayan tanki. Ta buɗe kejin ta ja da baya. Kurciyar ta fito ta yi jim, ta taka zuwa sheƙarta, mijin ya matsa mata ta kwanta. Muka sauko ina ta share ido da gefen mayafi ina cewa iska ce.

A ƙasa muka tarar da ƙanena zaune a dakalin shago, kwat ɗin duk kashin tattabara, yana mayar wa fankoki ragoginsu. Mai aski yana tsaye a kansa da hannu a ƙugu, Baba maigadi yana gefe da sandarsa, akun mai kemis yana ta maimaita masa kalmarsa daga ƙofa. Duk da haka na ji yana gaya musu cewa in ba don shi ba da ba a zaɓi yarinyar ba, dama haka ya tsara.

Auta ta tsaya a gabansa ta miƙa hannu.

"Kawu, wayata."

Hannunsa ya tashi zuwa ƙirji kamar kullum, bakinsa ya haɗu zai ce abin da ya saba. Sai ya tsaya. Ya dubi ƙullin wayar ƙarfen da ke cinyarsa, ya dubi aljihun teburin da salularta take ciki, ya ɗago ya dube ta.

"Wacce wayar?"

Tun da mahaifiyarmu ta haife shi, ranar ce na fara jin ya yi tambaya kafin ya fara aiki.